Riga Ta Ƙare, Lodi Ya Ƙare

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta yi taro a Minna, ta ƙaddamar da rabon rigunan kariya daga nutsewa guda 42,000 ga jihohi 12 da ke da sufurin ruwa, kowace jiha 3,500. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya yi jawabi, aka ɗauki hotuna, aka watse. Ban raina wannan ƙoƙari ba, domin da babu gara ba daɗi. Amma mu ɗan yi lissafi. Jirgin katakon da ya kife a daren 1 ga Oktoba, 2024, tsakanin Mundi da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, mutum wajen 300 ne a cikinsa, galibinsu mata da yara da ke hidimar Mauludi. Riguna 3,500 ba za su ishi irin wannan jirgi guda goma sha biyu ba. Jihar Neja kuwa ita ke da tafkin Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, ga kogin Neja ga na Kaduna, ga ƙauyukan da ba su da hanyar zuwa kasuwa ko asibiti sai ta ruwa.

Ba a rufa wata shida da taron ba, a watan Agusta, jirgi ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato. A watan Satumba wani ya taso daga Tungan Sule zai kai mutane ta'aziyya Dugga, ya yi karo da kututture a kusa da Gausawa cikin ƙaramar hukumar Borgu. Masu zuwa gaisuwar mutuwa su aka koma yi wa gaisuwa.

Abin da nake gani shi ne tun farko mun ɗauki maganar rigar nan ta gurguwar hanya. Mun mayar da ita kayan tallafi, abin da babban mutum ke miƙa wa talaka a gaban 'yan jarida, ya kai gida ya rataye, ko ya sayar ranar da tukunya ta ƙi ɗoruwa. Alhali rigar kariya kayan jirgi ce, matsayinta ɗaya da inji da filafili. Wurin zamanta bakin ruwa ne, kuma adadinta shi ya kamata ya zama adadin fasinjan da jirgin zai ɗauka. In aka kama wannan ƙa'ida guda, an magance rashin riga, an kuma magance abin da ya fi shi kisa, wato lodin da ya wuce kima.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigar ruwa ranar kasuwa ya san yadda ake yi. Buhunan masara da shinkafa su ake fara jerawa a ƙasan jirgi. Sai a kafa katako a turo babura, a jingina su a tsakiya. Sai awaki da kaji, sai jarkokin manja da na fetur. Bayan nan ne mutane za su fara shiga, mata su zauna a kan buhuna da goyo a bayansu, samari su ɗare gefe ƙafafunsu na lilo. A can baya akwai yaro da yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai, tun ma ba a tashi ba. Ka dubi tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgin da ruwa, ba ta fi tafin hannu ba. Wata dattijuwa za ta ce, "Malam, jirgin nan fa ya cika." Mai fito ya amsa, "Haba Inna, ai jiya ya ɗauki fiye da haka. Ɗan muskuta, Allah ne mai kiyayewa." Sai ta muskuta, domin in ta sauka babu wani jirgin sai la'asar, kasuwa kuwa ba ta jira.

Shi ma mai fiton ba mugu ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sawu ɗaya da rabin lodi asara ce a gare shi. Shi da yaransa suna cikin jirgin, rayukan da yake caca da su har da nasa. Amma ba wanda ya taɓa gaya masa adadin da jirginsa zai ɗauka, ba a rubuta a ko'ina ba, kuma ma'auninsa kawai shi ne jiya an tsallake lafiya.

Haka aka loda jirgin da ya taso daga Lokon Minna ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ranar 26 ga Mayu, 2021. Fasinja sama da 150, ga babura, ga kaya, a tsohon jirgi. Ya dare a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba.

Ruwan yankin nan yana da nasa tarihin da ya kamata a riƙa tunawa. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da ɗaruruwan ƙauyuka, aka tayar da mutum sama da 40,000. Ya kuma shanye daji da gonaki da itatuwansu a tsaye. Tafkin ya haura kilomita 130 a tsawo, faɗinsa a wani wurin ya wuce kilomita 20, kuma a ƙarƙashinsa kututturan nan suna nan har gobe, domin icen da ke cikin ruwa ba ya saurin ruɓewa. Ruwan yana hawa yana sauka da mitoci da dama a kowace shekara. Kututturen da matuƙi ya gani ya kauce masa a bazara, shi ne zai ɓuya ƙasa da ruwa kaɗan bayan damina. Tsofaffin matuƙa sun haddace wurarensu, amma hadda ba ta aiki da ƙarfe uku na dare. Mutanen Yeji da ke bakin tafkin Volta a Gana sun san wannan masifa, tasu ma daga madatsar Akosombo ta samo asali. A Patigi ta jihar Kwara, a watan Yunin 2023, 'yan biki ne ke komowa daga Egboti cikin dare jirginsu ya daki ice ya rabe, mutum sama da 100 suka rasu.

To a irin wannan hali me riga za ta yi? Ba za ta hana jirgi kifewa ba, wannan a fili yake. Lokaci take saya wa mutum. Wanda ya nutse, cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa saboda rashin iska. Masu ceto kuwa a ruwanmu ba jami'ai ba ne masu jirgin gudu, masunta ne da suka jiyo kururuwa daga nesa, sai sun kwance kwale-kwale sun tuƙo, wani lokaci cikin duhu. Tsakanin minti biyar ɗin da ɗan Adam ke da shi da rabin sa'a ko sa'a gudan da taimako ke ɗauka kafin ya iso, a nan mutanenmu ke mutuwa. Mai riga zai iya yin sa'o'i a kan ruwa yana jira, ko da bai taɓa koyon iyo ba.

Kuma ba wani sihiri a cikinta. Jikin mutum kusan nauyinsa ɗaya da ruwan da ya ture, shi ya sa ƙato mai kilo 90 in ya shiga ruwa abin da yake buƙata don kansa ya tsaya a sama bai wuce tallafin kilo kaɗan ba. A jikin riga ta gaskiya akwai lamba: 50, 100, 150 ko 275. Mai lamba 100 tana ɗaga kimanin kilo 10 a ruwa, ta isa ga kogi da tafki. Mai 150 tana ɗaga wajen kilo 15, kuma an yi ta ne yadda ko mutum ya suma za ta juyo da shi rigingine, fuskarsa a sama. Mai 50 ta masu wasan ruwa ce da suka iya iyo kuma suke kusa da gaɓa, ba ta fasinja ba ce. Wanda zai sayo wa jama'a riguna da kuɗin gwamnati bai san wannan bambanci ba, bai kamata a ba shi kwangilar ba.

Amsar da aka fi ji a bakin mazan bakin ruwa ita ce, "Ni a ruwa aka haife ni." Gaskiya ne, Basarke ko Bagunge ko Banufen da ya tashi a gaɓar kogi zai iya tsallake shi da hannu. Sai dai iyon da ya saba shi kaɗai yake yinsa, da gajeren wando, da rana, ya kuma zaɓi inda zai faɗa. Ranar da jirgi ya kife ba haka abin yake ba. Babur na iya faɗo masa a ƙafa, katako ya buge shi a ka, babbar riga ta naɗe shi, ga mutum hamsin a kusa da shi da ba su iya ruwa ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Wanda aka ga yana iyo shi kowa zai cafka, mutum uku su rataya a wuyansa, su tafi ƙasa tare. Saboda haka rigar da ke jikin wanda bai iya ruwa ba tana ceton wanda ya iya. A Amurka, inda ake ƙirga irin waɗannan abubuwa duk shekara, hukumar tsaron gaɓar teku tana samun cewa cikin mutum goma da suka nutse a haɗarin ƙananan jirage, sama da takwas ba sa sanye da riga. Yawancinsu maza ne manya.

Akwai masu ganin rigar baƙon abu ne, kayan Turawa da ma'aikatan kamfanin mai. Wannan ya fi ba ni mamaki. A je Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, a ga abin da dubban Kabawa ke rungume da shi in sun ruga cikin ruwa: homa a hannu, ƙaton gora a ƙirji. A kansa masunci ke kwanciya yana yawo a ruwa mai zurfi, ta bakinsa yake jefa kifin da ya kama. Ba wanda ya taɓa cewa mai gora matsoraci ne ko bai iya ruwa ba, gwanaye ne ke riƙe shi. Buduma na tafkin Chadi su kuma wani ice mara nauyi suke hawa su tsallaka tsakanin tsibirai. Ko ita rigar ta Turawa, tun daga farkon ƙarni na 20 har bayan yaƙin duniya na biyu, abin da ake cusa mata audugar rimi ce, irin wadda iska ke watsawa a unguwannin Zariya, wadda iyayenmu ke yin matashi da ita. Zarenta rami gare shi a ciki, bayansa kuma da maiƙo, ruwa ba ya saurin shigarsa. Kakanninmu sun san mai shiga ruwa yana buƙatar abin da zai tallafe shi. Inji ne ya zo, jirage suka girma, fasinja suka ninka, aka bar gora a gida ba a maye gurbinsa da komai ba.

Sai maganar ƙaddara, wadda ita ce ke rufe bakin kowa bayan an yi jana'iza. Ba mai imanin da ke jayayya da cewa kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa tawakkali shi ne barin sababi ba. Annabi Nuhu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da Allah Ya nufi tserar da shi daga ruwa, jirgi aka umarce shi ya sassaƙa. Kuma in mutum ya ɗibi 'ya'yan mutane hamsin a jirgin da bai kai ya ɗauki rabinsu ba, akwai tambayar da ke kansa, ko da iyayen sun ce sun yafe. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, ɗaliban Islamiyya daga Badau suka shiga jirgi a madatsar Watari za su tsallaka Bagwai a hanyarsu ta zuwa Mauludi. Mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara. Tafiyar Gbajibo ta Mauludi ce, ta Patigi ta biki, ta Gausawa ta ta'aziyya. Duk tafiye-tafiye ne da ke da mai shirya su: shugaban makaranta, uban biki, mai unguwa, liman. Mutum guda daga cikinsu in ya ce "a yi sawu biyu" ko "a kwana, a tashi da safe," ba wanda zai musa masa. Huɗuba guda a masallatan Juma'a na Yawuri da Shagari da Ibi da Numan a farkon damina za ta kai inda sanarwar hukuma ba ta kaiwa.

Yanzu ga inda nake ganin masu rabon riguna ba su tsaya sun duba ba. Su waye ke mutuwa? A Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari, a watan Afrilun 2022, mutum 29 ruwa ya ci, yawancinsu yara da matasa. Shekara guda bayan nan, a Dandeji, cikin ƙaramar hukumar dai, yara 15 da suka tafi ɗebo itace. Duk inda aka jera gawarwaki a bakin ruwa, na mata da yara sun fi yawa, domin su ne ba a koya wa iyo, su ne ke zaune a tsakiyar jirgi cikin kaya. Rigunan da ake nunawa a wajen rabo kuwa na manya ne. Yaro ɗan shekara biyar in aka zura masa rigar babba, yana faɗawa ruwa rigar za ta taso ta bar shi, shi ya zame ta ƙasa. Ta yara daban take, da abin wuya mai tallafe kai, da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, da hannu a ƙeya da za a fizgo shi da shi. Gwajinta ba wuya: a ɗaura masa, a kama kafaɗun rigar a ɗaga shi sama. In ta haura kunnuwansa, ta yi masa yawa.

Ga kuma goyo. Uwa ta faɗa ruwa da jariri a baya, rigar kirki za ta juya ta rigingine don fuskarta ta kalli sama, jaririn kuwa yana ƙarƙashinta. Ba a ma iya ɗaura rigar daidai a kan goyo. Dole a kwance shi tun a gaɓa, a sa masa tasa, ta rungume shi a gaba. Dogon hijabi shi ma in ya jiƙe yana iya lulluɓe fuska ya naɗe hannuwa, don haka a kansa ake ɗora rigar a tsuke, ta danne shi. Maɗaurin tsakanin ƙafafu kuma ba ya yiwuwa ga mai zani, kuma ba macen da za ta tsaya gyara shi a gaban maza a mashiga. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, su ne ke sa a karɓi riga a zauna a kanta. Mace ce ya kamata ta tsaya tana ɗaura wa mata, a ba ta ladanta daga kuɗin fito. Masu ɗinkinmu na Kano da Aba da suka iya kwaikwayon kowace irin jaka, in an ba su kayan aiki na gaskiya da ma'auni, za su fitar da samfurin da ya dace da suturar matanmu.

Na ce kayan aiki na gaskiya domin jabu ta riga ta cika kasuwa. Akwai riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, wadda ba komai a cikinta, ana sawa don a ce an sa. Akwai wadda aka cusa wa soson katifa. Shi wannan soso shan ruwa yake yi, bayan 'yan mintoci ya zama kaya a wuyan mai shi. Na gaskiya ramukansa a toshe suke, ko ka matse shi a cikin bokiti ba ya ɗaukar ruwa. Ita ma ta gaskiyar tana tsufa: rana na cin yadinta, fetur na lalata sosonta, zama a kanta na lanƙwasa shi ya daina ɗagawa. Hanyar ganewa ita ce a sa ta a shiga ruwa iya ƙirji a naɗe ƙafafu. In haɓa ta tsaya a sama, tana da sauran aiki.

Masunta nasu lamarin daban ne, kuma ba kasafai ake jin mutuwarsu ba domin ɗaya-ɗaya suke tafiya. Mutum ya fita shi kaɗai ko da ƙaramin ɗansa kafin asuba, ya miƙe tsaye a kan ƙaramin kwale-kwale zai jefa birgi, ƙafa ta zame ko igiya ta harɗe shi. Wani ƙugiyar mamari ce za ta kama rigarsa ta ja shi. Wani iskar farkon damina ce za ta taso masa a tsakiyar tafki, irin wadda ke zuwa daga gabas cikin 'yan mintoci. Wani dorina. Ba jarida, ba ta'aziyyar gwamna. Ƙorafinsu a kan rigar kuwa gaskiya ne: tana da zafi, tana hana hannu sakewa wajen jifa, maɗauranta na kama raga. Rigar fasinja mai kauri ba ta dace da mai su ba. Akwai marasa kauri masu faɗin hammata da aka yi domin masu aiki a ruwa, su ya kamata ƙungiyoyin masunta su nema. Kafin a samu, jarkar lita 25 da ba komai a ciki, an toshe bakinta tam, tana ɗaga kusan kilo 25 a ruwa, fiye da rigar kanta. Aibinta shi ne sai an riƙe ta, hannu kuwa yana gajiya, wanda ya suma kuma ba ya riƙo. Duk da haka jarka biyu da igiya a kowane kwale-kwale ba su fi ƙarfin kowa ba, kuma su ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa maimakon a bi shi. Mai inji kuma ya ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa, don kada ya faɗa jirgin ya tafi ya bar shi, ko ya kewayo farfela ta sare shi.

Wani abu da ya kamata kowane mai fito ya sani: jirgin katako in ya kife sau da yawa ba ya nutsewa gaba ɗaya, gara a manne masa da a kama iyo zuwa gaɓar da ido ke gani kusa alhali tana da nisa. In kuma an tsamo mutum ba ya numfashi, al'adar nan ta danna masa ciki ko ɗaga shi a kife don ruwa ya fita ɓata lokaci ce, tana iya sa amai ya shige masa huhu. Iska yake buƙata. A kwantar da shi, a ɗaga haɓarsa, a hura masa a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji. Ana koyon wannan a yini guda.

Doka dai akwai ta. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, tana da ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da suka wajabta sa riga, suka hana lodin wuce kima da tafiyar dare. A manyan tashoshin ruwa na Legas, inda jihar ke da hukumarta tun 2008, ba ka shiga jirgi ba riga. Da ɗan fim ɗin kudu Junior Pope ya nutse a kogin Anam a watan Afrilun 2024 ba riga a jikinsa, ƙasar nan ta yi makonni tana maganar, abin da yaran Dandeji ba su samu ba. Amma hanyoyin ruwan Najeriya sun kai kimanin kilomita 10,000, sun ratsa jihohi 28. Ba ranar da NIWA za ta iya ajiye jami'i a kowace mashiga daga Lolo zuwa Baga. In ma ta ajiye, mun san abin da ke faruwa in an haɗa ƙaramin ma'aikaci mai ƙaramin albashi da dokar da ake iya saye. Mun kuma ga abin da ya faru da hular kwano a farkon 2009, da aka wajabta ta ga 'yan acaɓa ba tare da an shawo kan kowa ba: wasu suka kifa ƙwarya, wasu robar fenti, aka baza jita-jitar cewa ana tsafi da ita, bayan 'yan watanni maganar ta bi ruwa.

Masu iko a bakin ruwa suna nan tun kafin a haifi NIWA. Akwai Sarkin Ruwa, akwai shugabannin masu jirage, akwai dagaci da hakimi. A tashar mota ba wanda ke zuwa daga Abuja ya tsaya, amma ba direban da ya isa ya yi lodi ba layinsa ba, domin 'yan ƙungiya na nan kuma kowa ya san hukuncin. Irin wannan iko ake buƙata. Aikin hukuma shi ne ta zo sau ɗaya a shekara ta auna kowane jirgi, ta rubuta adadinsa da fenti a gefensa da manyan lambobi yadda ko yaro zai karanta, ta ja layi a jikinsa wanda in ruwa ya taɓa an daina lodi. Mai jirgi ya mallaki riguna daidai wannan adadi, kashi ɗaya bisa uku na yara. Fasinja ya biya kuɗin fito, a miƙa masa riga, ita ce tikitinsa, ya mayar in an sauka. An ɗora babur, a cire riguna biyu a ajiye gefe. Riga ta ƙare, lodi ya ƙare. Dattijuwar nan da ta ce jirgi ya cika ba sai ta yi gardama da kowa ba, kowa na ganin igiyar da ake rataya riguna ba komai. Jirgin da ya tashi da mutum ba riga, Sarkin Ruwa ya ɗaure shi mako guda, hakimi ya mara masa baya.

Kuɗin fito zai tashi, ba sai an ɓoye ba. Jirgin da ke cin riba da mutum 120 in aka tsayar da shi a 70, wani ne zai biya bambancin, kuma talakan da ke cikinsa ne. A nan gwamnatocin jihohi da hukumar raya yankunan madatsun ruwa, HYPPADEC, ya kamata su sa kuɗinsu: rangwamen mai ga jiragen da suka bi ƙa'ida a ranakun kasuwa, bashin riguna da mai jirgi zai biya a hankali, sare kututture da kafa alamu a hanyoyin da aka fi bi, da jirgi na biyu a mashigar da ɗalibai ke tsallakawa kullum. A wasu wuraren ma gada ce maganin, ko hanyar mota da 'yan bindiga ba su tare ba, domin akwai ƙauyuka a Neja da Zamfara da Sakkwato da tsoron daji ne ya tura su ruwa, har da tafiyar dare.

Riga kuma ba ta dawwama. Wadda ake sawa kullum a rana da ruwa, shekara biyu ko uku ta gama yayi, ga wadda za ta yage, ga wadda fasinja zai wuce da ita. In ba a ware wani abu daga kuɗin kowane fasinja ana tarawa a asusun ƙungiya don sayen sababbi ba, rabon 2025 zai ƙare a 2027 a koma gidan jiya. Kwalayen da za a kawo nan gaba, a buɗe su a bakin ruwa a gaban Sarkin Ruwa da masu fito, a duba lambar da ke jikinsu, a ɗauki guda a gwada a ruwa, a ƙirga nawa ne na yara kafin kowa ya sa hannu a takardar karɓa.